Ledar da Ta Faɗo daga Sama

Litinin, 12 ga Maris, 2007, bayan la'asar

Yau ma an yanka wata saniya a garken Baffa, mahaifina. Na ce wa mahaucin ba zai ɗora ta a mota ba sai na ga abin da ke cikinta. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya farke tumbin a gabana. Abin da na gani wancan makon shi na sake gani. Leda ce, ta murɗe ta dunƙule ta yi tauri kamar dutsen niƙa, ta cika tumbin har ba inda ciyawa za ta zauna. Saniya tana tsaye a tsakiyar abinci yunwa na kashe ta.

Na daɗe ina aikin duba dabbobi a ofishinmu na Bunkure. Na san baƙar ledar kasuwa, na san ta fiya-wata, na sha ciro su daga cikin tumaki. Wannan ba irinsu ba ce. Fara ce ƙal, ta fi ledar biredi laushi, ga wani zare a jikinta wanda wuƙar mahauci ma sai da ta sha wuya kafin ta yanke shi. Duk wanda ke wurin ya gane ta. Baffa ya dubi abin, ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya bi sauran shanunsa.

Bari in rubuta yadda abin ya faro, kada gobe su ce ba haka aka yi ba.

A watan jiya, da hantsi, wani abu ya sauko daga sama a kan gonakin alkamar da ke tsakanin Kura da Bunkure. Mutane suka watsar da fartanyu suka gudu suna salati. Da aka ga bai fashe ba, bai motsa ba, aka dawo. Leda ce shimfiɗe, ta rufe gonaki, ta haye kanal, ta ci gaba, sai mutum ya gaji da tafiya bai kai ƙarshenta ba. Can wajen Kadawa kuma wani akwatin ƙarfe ya sauka da laima, 'yan sanda suka tsare shi. Ba a jima ba wasu Turawa suka zo tare da wani malamin jami'a daga Kano, suka ɗora akwatinsu a babbar mota, aka ɗauki hotuna, suka tafi. Ledar kuwa aka bar mana ita.

Mafi yawanta a gonar mijina ta faɗa. Wannan ma in rubuta shi.

Talata, 13 ga Maris, da safe

Na sake yi wa Baban Rahma maganar yana karyawa. Na gaya masa abin da na gani jiya. Bai ɗago kai daga kwanon ba.

Ya ce, “Asta, ni na ce ta faɗo a gonata?”

Na ce, “Ba kai ka ce ba, amma kai ka yayyanka ta kana sayarwa.”

“Arziki ne Allah ya jefo. Ki je mashanya ki ga kauɗar tumatirin bana, ba ƙwayar yashi ko ɗaya a ciki. Shekara nawa muna shanya a ƙasa 'yan Kudu suna raina mana kaya?”

“Shanun Baffa fa?”

“To, su daina shiga gonakin mutane.”

Su daina shiga gonakin mutane. Mutumin da duk bayan girbi shi yake aikawa ƙanena Usaini ya kawo masa garke su kwana a gonarsa don taki. Yau ya zama gonakin mutane.

Manyan shimfiɗun da ake shanya a kai ba su ne suka fi damuna ba. Ƙananan ne. Duk mai alkama ya saya ya tsattsaga siri-siri ya ɗaure a sanduna don korar tsuntsaye, tana walƙiya a rana, jan-baki na tsoronta. An girbe alkama, ba wanda ya koma ya kwance tasa. Iska ta kwashe su ta cusa cikin kara, shanu suna haɗawa da karan suna haɗiyewa.

Alhamis, 15 ga Maris, da azahar

Oga, likitan ofishinmu, ba ya nan, yana bin tawagar kamfe. Na je sakatariya na zauna a benci har ƙafata ta yi sanyi. Wani mai babbar riga da ya ce shi ke kula da harkar noma ya saurare ni yana danna waya, sannan ya ce, “Leda kuma, Malama? Ki bari a gama zaɓe tukuna.”

Abin da na roƙa kawai a yi shela a masallatai kowa ya tsince ta gonarsa. Motocinsu masu lasifika suna zagaya ƙauyuka daga safe har yamma suna kiɗa, amma wannan 'yar maganar ta fi ƙarfinsu.

Asabar, 17 ga Maris, bayan magariba

Ina ruga. Na taho da Rahma da jaka ɗaya.

Abin da Baban Rahma ya faɗa mini da safen nan a gaban ƙannensa ba zan rubuta shi ba.

Lahadi, 18 ga Maris, da hantsi

Ba zan rubuta ba.

Talata, 20 ga Maris, da yamma

Goggo Kubra, ƙanwar Baffa, ta sa ni gaba tun jiya. Wai mace ba ta barin ɗakinta a kan saniya. Na ce mata ba a kan saniya na fito ba. Ta ce to a kan me? Na ci gaba da burga nono. Ta ce, “Tun ranar da kika ce manomi kike so na san za a rina.” Ita ma ke nan. Can ni 'yar daji ce, nan ni matar manomi ce.

Baffa bai tambaye ni komai ba. Ya sa aka share mini ɗakin marigayiya Inna, shi ke nan.

Na zagaya garken da safe. Yanzu ina gane su tun daga nesa. Sai ka ga saniya ta daina tuƙa, ɓangarenta na hagu ya kumbura, haƙarƙari ya fito, kashinta ɗan kaɗan mai yauƙi. Baffa ba ya ƙirga shanunsa da baki, ni ma ba zan ƙirga a nan ba. Amma ina da ido.

Na ce a daina kai su gonakin alkama. Usaini ya yi dariyar takaici, ya ce, “Adda, a kai su ina? Bazara ce. Ko'ina tumatir ne da albasa, in ka matsa a ce ka yi ɓarna.”

Laraba, 21 ga Maris, da la'asar

Usaini yana caji ofis.

Alhamis, 22 ga Maris, da hantsi

Na kai masa fura. Sun bar ni na gan shi ta taga. Idonsa na dama ya kumbura ya rufe.

Jiya da safe karsanarsa ta faɗi, wadda yake tattalinta saboda aurensa. Bai yi wa kowa magana ba, ya tafi mashanyar tumatir ta Baban Rahma, ya sa wa ledar ashana. Wutar ta ci leda, ta ci kauɗar da ke kai, har da ta wasu mutum biyu da ba ruwansu. 'Yan ƙwadago suka taru a kansa.

Na ce masa, “Ka kyauta. Yanzu duk Kura ba maganar da ake sai Bafulatani ya ƙona amfanin gona. Wa zai sake tuna shanu?”

Ya ce, “Da me kike so in yi?”

Haushinsa nake ji, haushin Baban Rahma nake ji, haushin mai babbar riga nake ji. Amma duk cikinsu ba wanda ya ƙera ledar nan.

Litinin, 26 ga Maris, bayan magariba

Na je Kano na dawo.

Wani ɗan sanda ne ya ba ni sunan malamin jami'ar da ya zo da Turawan, Dakta Abdulsamad. Na ɗauki curin ledar da muka ciro daga saniyar makon jiya, na busar da shi amma warin bai fita ba, na sa a buhu. A mota mutane sai toshe hanci suke yi. Ko a jikina.

Na same shi a ofis, ɗan siriri mai tabarau, da furfura kaɗan a gemu. Na gaishe shi, na ce daga Bunkure nake, kan maganar abin da ya faɗo. Nan da nan fuskarsa ta washe, ya jawo mini kujera. Kafin in ce komai ya fara bayani, ni kuwa na ƙyale shi, don ina son in san abin da ke kashe mu.

Wai balan-balan ce ta binciken kimiyya, daga wata ƙasa can hayin teku aka sake ta. In ta cika da iska ta fi filin ƙwallo girma, tana tashi sama da inda jirage ke bi nesa ba kusa ba, ɗauke da na'urorin auna iskar can. Ya ce irin na da ba sa daɗewa. Da rana iskar cikinsu ta yi zafi ta kumbura sai a bar ta ta fita, da dare ta huce sai balan-balan ta yi ƙasa, dole a zubar da yashin da aka ɗora mata don ta sake tashi. In yashi ya ƙare tafiya ta ƙare, 'yan kwanaki ke nan. Wannan kuwa a rufe take ruf, ba abin da ke fita. Ya zana mini ita a allo, kamar kabewa, ya ce zaren nan mai ƙarfi shi ne jijiyoyin kabewar, shi ke riƙe ta in rana ta matsa. Burinsu ta yi wata uku ko fiye tana zagaya duniya ba ta sauko ba. Wannan ta yi makonni, sai wani ɗinki ya buɗe, suka aika mata umarni ta tauraron ɗan'adam ta saki akwatin ta fashe. Sun so ta faɗa cikin hamada, iska ta ƙi.

Ya ce, “Malama, ba ki san wuyar da aka sha ba. Lokacin ina karatu a can, shekaru muka yi muna neman ledar da rana ba za ta cinye ba, sanyi ba zai karya ba, ba ta yagewa, ba ta ruɓewa.”

Idanunsa har ƙyalli suke yi.

Na kwance buhun na juye masa a kan tebur, a kan takardunsa. Na ce, “Kun dace, Dakta. Ba ta ruɓewa.”

Ya ja baya da kujerarsa. Ya tambayi mene ne, na gaya masa. Na gaya masa na Baffa, na gaya masa na Usaini. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallon curin. Sai ya sa yatsa ya taɓa zaren. Ya ce da ya ga mutane suna kwasa murna ya yi, ya ɗauka an huta da sharar.

Na ce, “Akwatinku ko ƙwarzane bai yi ba, na ga hotonsa a jarida.”

Na fito na bar masa kayansa a tebur.

Talata, 27 ga Maris, da safe

Ba ta yagewa, ba ta ruɓewa. Da shi na kwana, da shi na tashi.

Laraba, 28 ga Maris, da yamma

Dakta ya zo. Ban zaci zai zo ba.

Da tsohuwar motarsa ya biyo gefen kanal yana tambaya har ya iso ruga. Ya fara zuwa caji ofis tare da Ardo, ya tsaya wa Usaini aka ba da belinsa, sai ranar da za a zauna gaban hakimi. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe da Baffa. Ni ina bakin ɗaki ina jinsu.

Baffa ya ce, “Malam, me kuke nema a can sama?”

Ya ce akwai wata iska a can da ke tare mana zafin rana, suna auna ko tana raguwa, suna kuma son sanin yadda iskar sama ke juya damina.

“Kun samu?”

“Ba mu gama ba ta yage, Baffa.”

Baffa ya jinjina kai ya ce, “Allah ya sa a dace gaba.” Ya sa Goggo Kubra ta dama masa fura da kindirmo mai kyau.

Kindirmo. Daga shanun da suka rage. Na shiga ɗaki na zauna don kada in faɗi abin da zai kunyata Baffa gaban baƙo.

Da zai tafi ya neme ni. Ya ce ya buga wa mutanen can waya, sun ce abin ya dame su ƙwarai, za su duba. Ya faɗa yana kallon ƙasa, shi ma ya san ma'anar za su duba. Ya ce in akwai abin da zai iya da hannunsa in faɗa. Na ce ya ba ni lambarsa.

Asabar, 31 ga Maris, da hantsi

Ana Maulidi a gari, lasifika na isowa har nan. Rahma ta ce yaushe za mu gida ta sa sabon kayanta. Na ce ta je ta taya Goggo wanke ƙore.

Babanta bai zo ba, bai aiko ba.

Litinin, 2 ga Afrilu, bayan la'asar

Fure ta daina tuƙa.

Fure jikar saniyar Inna ce, wadda ta zo da ita gidan Baffa. Ita kaɗai ta rage a wannan jinin, ga ɗan maraƙi tana shayarwa. Na danna ɓangarenta na hagu, hannuna ya ji abin nan mai tauri. Na zauna a ƙasa kusa da ita na rasa abin yi, sai zagi nake yi a zuci, ban ma san wa nake zagi ba.

Laraba, 4 ga Afrilu, da azahar

Baffa ya ce a kira mahauci gobe kafin ta zama mushe. Na ce ya ba ni ita.

Ya ce, “Ki yi me da ita?”

Na ce, “In buɗe ta tana raye in ciro.”

Na sha riƙe wa Oga kaya yana irin wannan aikin, na sha ɗinke masa fata in ya gaji. Amma ban taɓa sa wuƙa da kaina ba. Na kira shi, wayarsa tana ta kiɗan jam'iyya ba a ɗauka. Na gaya wa Baffa gaskiya, za ta iya mutuwa a hannuna, in ta mutu da allura a jikinta naman ma ba zai ciwu ba. Ya dubi Fure. Sannan ya ce, “Ta uwarki ce.” Ya tashi.

Na kira Dakta na karanta masa abin da nake bukata: allurar kashe zafi, zaren ɗinki iri biyu, aidin na wanke ciwo, safar hannu doguwa, allurar hana ƙwayoyin cuta. Ya ce yana da aboki likitan dabbobi, kafin magariba kayan za su iso Kwanar Kura a motar haya. Sun iso.

Alhamis, 5 ga Afrilu, bayan magariba

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Da sassafe muka ɗaure Fure a gindin tsamiya, don a gama kafin rana ta yi zafi. Na aske mata ɓangaren hagu, ina wankewa da sabulu, sai ga babur. Baban Rahma ne da kawunsa Malam Jaji, sun sha fararen kaya, wai biko suka zo. Yau suka ga dama.

Malam Jaji ya fara, “Asta, haƙuri ake yi, zaman aure...”

Na ce, “Kawu, ina kwana. Ku yi haƙuri, ina da aiki.” Usaini haƙarƙarinsa bai warke ba, ba zai iya riƙe komai ba, Baffa yana riƙe da kai. Na dubi Baban Rahma, karo na farko tun ranar nan. Na ce, “Tunda ka zo, riƙe daron nan.”

Ya dubi kawunsa, ya dubi Baffa. Baffa ko kallonsa bai yi ba. Ya naɗe hannun riga ya ɗauki daron.

Na yi bisimilla, na yi mata allurai a layi, na jira wurin ya mutu. Na tsaga fata, na tsaga nama. Fure ta yi nishi ta ɗan karkata, Baffa yana yi mata magana da Fulatanci a kunne ƙasa-ƙasa, ta tsaya. Na jawo bangon tumbin na ɗinke shi da fata don kada ƙazanta ta zuba ciki, na buɗe. Warin da ya fito ya sa Malam Jaji ya koma bayan bukka.

Na zura hannu har kafaɗa. Curin ya ƙi fitowa, zaren nan ya ɗaure shi tamau, sai da na riƙa shiga da almakashi ina yankewa a makance ina zarowa kaɗan-kaɗan. Ina zarowa ina jefawa a daro. Daro ya cika, ya juye, ya dawo. Farar rigarsa ta koma kore.

Can na zaro wata doguwa, da ƙullin shuɗiyar igiyar buhu a bakinta. Duk yankin nan Baban Rahma kaɗai ke sayen shuɗiyar igiya, wai don kada buhunansa su ɓace a kasuwar Legas. Na ɗora masa a kan sauran. Na ga ya tsaya yana kallonta. Daron ya fara karkacewa.

Na ce, “Riƙe da kyau, ban gama ba.”

Da na kwashe duka na sa mata ɗan tuƙar da muka ƙwato daga bakin wata lafiyayya, don cikin ya sami abin farawa. Na ɗinke tumbi, na ɗinke nama, na ɗinke fata. Rana ta kai tsaka kafin in miƙe. Bayana kamar an sare shi.

Da na wanke hannu ya matso. Ya ce, “Asta, maganar da na faɗa ranar nan...”

Na ce, “Ƙannenka sun ji ta, ba ni kaɗai ba. Kuma ba ita ce a gabana yau ba.”

“To me kike so in yi?”

Duk mazan nan tambayarsu ɗaya. Na nuna masa gonakin da hannu, daga kanal har inda ido ya tsaya. Na shige ɗaki.

Juma'a, 6 ga Afrilu, da safe

Jikin Fure da zafi. Ta ƙi ruwa. Maraƙin yana ta kuka, mun ba shi nonon wata.

Asabar, 7 ga Afrilu, da la'asar

Zazzaɓi bai sauka ba. Goggo Kubra ta ce da an yanka da yanzu an huta. Na ce mata in ta sake faɗa zan bar mata rugar ita ma. Ta ce in je ina? Gaskiyarta.

Litinin, 9 ga Afrilu, da hantsi

Baffa ne ya leƙo ya ce in fito. Fure tana kwance a inuwa, muƙamuƙinta yana juyawa a hankali. Tana tuƙa.

Na tsaya ina kallonta, ina jiran in ji daɗi. Abin da ya zo mini shi ne sauran da aka yanka, da na yi wannan ƙarfin halin tun farko. Da Oga yana ofis. Da an yi shela. Da sun naɗe kayansu sun tafi da ita yadda suka tafi da akwatin.

Akwai wasu biyu da zan buɗe cikin makon nan. Rugar Ardo ma sun aiko.

Laraba, 11 ga Afrilu, da yamma

An zauna gaban hakimi. Usaini zai biya mutum biyun da ya ƙona wa kauɗa, da ɗan bijiminsa. Baban Rahma ya ce shi ya yafe nasa. Usaini ya ce bai roƙa ba. Ardo ya daka masa tsawa.

Shanun da suka mutu ba wanda zai biya. Hakimi ya ce wannan daga sama ne. Dakta ya miƙe ya ce a'a, ranka ya daɗe, mutane ne suka ƙera ta, yana cikinsu. Aka shafa fatiha. Amma dai hakimi ya ce a yi shela ranar Juma'a kowa ya tsince gonarsa.

Ɗaya daga cikin biyun da na buɗe jiya ta mutu da asuba.

Asabar, 14 ga Afrilu, da azahar

Yau zaɓe. Ban je ba.

Dakta ya kira. Wai mutanen can sun gano ɗinkin da ya buɗe, suna shirin sake sakin wata baɗi, sun ce wannan za ta fi daɗewa. Ya ce ya gaya musu ba zai sake sa hannu ba sai an rubuta cewa duk inda ta faɗi za a je a kwashe ta. Na ce sun yarda? Ya ce za su duba. Sai katinsa ya ƙare.

Talata, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Tun ranar Juma'a Usaini yake gaya mini ana ganin wani yana bin gonakin alkama shi kaɗai da buhu, yana duƙawa yana miƙewa cikin ranar nan. Na ce ba ruwana.

Yau Baban Rahma ya iso da akori-kura cike da buhuna, har da manyan shimfiɗun da ya bi waɗanda ya sayar wa ya karɓo. Dakta ya ce zai turo mota a kai su inda ake narkar da roba. Baban Rahma ya sauke su shi kaɗai a bayan ruga, nesa da shanu, ya danne da duwatsu. Ya yi baƙi, leɓensa ya tsage, ƙaya ta farfasa masa hannu. Ya zo ya tsaya a bakin ɗakina.

Ya ce, “Na gaya wa ƙannena ƙarya na yi. A gaban mahaifiyarmu Hajiya na faɗa.”

Na ce, “Akwai saura a bakin kanal, wajen gadar Bunkure. Na gani jiya.”

Ya juya ya ɗauki buhun da ba komai a ciki ya nufi mota.

Ban ba shi ruwa ba. Rahma ce ta ɗebo a moɗa ta bi shi da gudu tana zubar da rabi a hanya. Ban hana ta ba.